Gadon Ƙanƙara: Noma da Kiwo a Kan Tsakuwar Canterbury

Daga cikin abubuwan da ke nuna hikimar Ubangiji a cikin halittarsa akwai wannan, cewa babu wata ƙasar noma a bayan duniya face tana da asali da tarihi, kuma halayenta na yau, walau na alheri ko na wahala, daga wannan asali ta gaje su. Saboda haka manomin da ya jahilci inda ƙasarsa ta fito, ko da ya tsufa yana huɗa a kanta, zai yi ta neman abin da ba ta da shi, yana kuma wofintar da abin da take iya ba shi. Babu inda gaskiyar wannan magana ta fi fitowa sarari kamar a filayen Canterbury, a gabashin Tsibirin Kudu na ƙasar Niyu Zilan, can kudu maso gabas da Ostareliya, inda matafiyi zai ga shimfiɗaɗɗen fili mai tsawon kimanin kilomita 180, cike da garkunan tumaki da shanu da gonakin alkama da sha'ir, har ya yi zaton ya iso ƙasa mai zurfin albarka, alhali kuwa da zai kafa shebur ya haƙa, a wurare da dama ba zai kai kamu ɗaya ba sai ya ji ƙarfe ya daki dutse. Daga nan kuma har zuwa zurfin ɗaruruwan mitoci babu abin da zai tarar illa tsakuwa da yashi da mulmulallun duwatsu, waɗanda ruwan narkewar ƙanƙara ya kwaso ya jibge tun kafin ɗan Adam ya taka wannan tsibiri.

Asalinta

Jerin manyan duwatsu ne ya ratsa Tsibirin Kudu daga wannan kai zuwa wancan, mafi tsawo a cikinsu shi ne Aoraki, wanda Turawa ke kira Dutsen Cook, mai tsayin mita 3,724. Waɗannan duwatsu suna zaune ne a inda manyan ɓangarori biyu na ɓawon duniya suka haɗu suna gogayya, don haka har gobe ana tura su sama kaɗan-kaɗan, ruwa da sanyi kuma suna zaizaye su ba dare ba rana. Galibin dutsen da ke fuskar gabas mai ruwan toka ne, wanda asalinsa yashi ne da laka na ƙarƙashin teku da suka dunƙule tun zamani mai nisa. Yana da tauri, amma yana da yawan tsaga, ta yadda idan ruwa ya shiga tsagar ya daskare sai ya fasa shi gutsure-gutsure.

A zamunan da duniya ta yi tsananin sanyi, waɗanda suka zo suka tafi sau da dama, na ƙarshensu kuma ya kai matuƙarsa kimanin shekara 20,000 da suka wuce, dusar ƙanƙarar da ke sauka a kan waɗannan duwatsu ba ta narkewa duka idan zafi ya zo, sai ta bana ta hau kan ta bara, nauyi ya danne ta, har ta zama dunƙulalliyar ƙanƙara mai kaurin ɗaruruwan mitoci, wadda saboda nauyinta take gangarowa cikin kwaruruka sannu a hankali. Wannan shi ne kogin ƙanƙara, kuma duk inda ya bi sai ya ɓamɓare duwatsu, ya ja su a ƙarƙashinsa yana niƙa, waɗansu su zama tsakuwa, waɗansu yashi, waɗansu kuma gari mai laushi ƙwarai. A bakinsa na ƙasa, inda iska ta fi ɗumi, yana narkewa, ruwan kuwa ya fito da ƙarfi ɗauke da wannan kaya. Da zarar ya kuɓuta daga matsatsin duwatsu ya iso sarari, sai ƙarfinsa ya ragu, ya fara sauke nauyinsa, manyan duwatsu tukuna, sa'an nan tsakuwa, sa'an nan yashi, har hanyarsa ta toshe ya ɓalle ya nemi wata. Ta haka ne kogunan Waimakariri da Rakaia da Hakatere da Rangitata, kowannensu ya shimfiɗa tarin tsakuwarsa daga gindin dutse zuwa bakin teku, na wannan ya haɗe da na wancan, filin Canterbury ya samu.

Da sanyi ya fara saki, kimanin shekara 18,000 da suka wuce, ƙanƙara ta ja da baya zuwa can saman duwatsu, kayan da koguna ke ɗauka ya ragu, sai suka juyo suna yankan tarin da su da kansu suka tara, suna nutsewa a ciki. Duk sa'ad da kogi ya sauka zuwa sabon kwari, sai ya bar tsohon makwancinsa a sama ya zama dandamali mai shafaffen kai. Shi ya sa wanda ya tsaya a gaɓar Rakaia kusa da duwatsu zai ga ƙasa ta sauka hawa-hawa, dandamali bisa dandamali, na can sama shi ne mafi tsufa, na kusa da ruwa shi ne mafi ƙuruciya. Har ila yau kogunan ba su bar ɗabi'arsu ba, domin suna gudana ne cikin rassa masu yawa da ke rabuwa suna haɗuwa a kan faffaɗan gadon tsakuwa, har gadar motar da ta ƙetare Rakaia sai da ta kai kimanin kilomita 1.7.

Tsakuwa zalla ba ta noma, kuma da al'amarin ya tsaya a nan da filin bai amfani kowa ba. Amma sai Allah ya hore iska. Garin dutsen nan mai laushi, idan ruwa ya janye ya bar shi a gadon kogi ya bushe, iska na kwasarsa ta yayyafa shi a kan dandamalin da ke kewaye, shekara bayan shekara, har ya zama 'yar shimfiɗar turɓaya a kan tsakuwa, wadda ita ce jarin manomin Canterbury kaf. Mu mutanen ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga irin wannan aiki na iska, tun da ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana sauka a gonakinmu kowace shekara, tana ƙara musu wani abu daga abin da tsiro ke bukata. A Canterbury kuwa, da yake iskar mai ƙarfi daga arewa maso yamma take busowa, gaɓar kudu ta Rakaia, wajen Barrhill, ita ta sami rabo mafi tsoka, har ƙasarta ta zama mai zurfi, tana cikin mafi kyawun gonakin hatsi na yankin. Gwargwadon nisan wuri daga kogi, gwargwadon sirantar shimfiɗarsa.

Halayenta

Al'adar masana ƙasa na Niyu Zilan ita ce su raɗa wa kowace irin ƙasa sunan wani wuri da ake samunta. Wadda ta fi yaɗuwa a kan tsofaffin dandamalin tsakuwa ita ce ake kira Lismore, wadda kaurin turɓayarta ba ya wuce daga taƙi ɗaya zuwa kamu ɗaya, ita ma kuma gauraye da duwatsu. Akwai kuma wadda ake kira Templeton, da ta fi ta zurfi da laushi, kuma ta fi ta daraja a wurin manoman hatsi.

Babbar illar Lismore da ire-irenta ita ce ƙarancin riƙon ruwa. Dutse ba ya shan ruwa, don haka duk gurbin da dutse ya tare a cikin ƙasa an tauye ma'ajin da saiwa ke sha daga gare shi. Abin da ya wuce wannan ɗan ma'aji kuwa sai ya zurare cikin tsakuwa tamkar an zuba shi a rariya. A wurare da dama ruwan da irin wannan ƙasa ke iya tanada wa tsiro bai wuce milimita 60 zuwa 80 ba, alhali a tsakiyar lokacin zafi rana da iska da numfashin ganye suna janye kimanin milimita 5 kowace rana. Wanda duk ya yi lissafi zai ga cewa ko da ƙasar ta ƙoshi sarai, mako biyu ba ruwa ya isa ya sa ciyawa ta tsaya cik, ta fara ƙonewa. Ƙasa mai zurfi tana riƙe ninkin wannan ko fiye, shi ya sa akan ga gonaki biyu maƙwabta, sama ɗaya ta yi musu ruwa, wannan tana kore shar, waccan ta bushe ƙayau.

Sai dai kuma abin da ya zama illa a lokacin zafi shi ne fa'ida a lokacin sanyi. Wannan ƙasa ba ta kwantar da ruwa, ba ta zama caɓi, saboda haka dabbobi na iya yin kiwo a kanta a tsakiyar sanyi da lema ba tare da kofatonsu ya dagula ta ba. Tana saurin ɗaukar ɗumi idan sanyi ya fara wucewa, tsiro ya riga na jiƙaƙƙiyar ƙasa farkawa. Kuma shafaffiya ce, injin noma na tafiya a kanta ba tangarɗa, ko da yake duwatsunta suna cin bakin garma, har manoma sukan ja wata gangar ƙarfe mai nauyi a kan gona bayan shuka don ta danna duwatsun cikin ƙasa.

Ta fuskar abincin tsiro kuwa, matalauciya ce tun asali. Tana da ƙarancin sinadarin fosfaras da kibiritu, tana da ɗan tsami wanda sai an zuba mata farar ƙasa yake raguwa, tana kuma da ƙarancin waɗansu sinadarai da ake bukata kaɗan ƙwarai amma rashinsu yake da muni, kamar molibdenam, wanda tsirrai dangin wake ke bukata don su ɗauko naitirojin daga iska, da seleniyam, wanda rashinsa ke sa 'yan tumaki ciwon raunin tsoka da rashin girma. Bayan haka, idan aka yi mata kaftu har ta yi laushi aka bar ta tsirara, iskar da ta kawo ta tana iya kwashe ta, abin da aka tara cikin dubban shekaru ya tafi cikin 'yan sa'o'i.

Sama da iska

Dalilin bushewar wannan yanki shi ne duwatsun nan da suka haife shi. Iskar da ke ɗauke da ruwa daga teku take zuwa ta yamma, idan ta ci karo da duwatsu sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta a fuskar yamma, har garin Hokitika yana samun kusan milimita 2,900 a shekara. Kafin ta gangaro gabas ta riga ta tatse, birnin Christchurch kuwa abin da yake samu bai wuce milimita 600 zuwa 650 ba. Wannan adadi bai yi nisa da na wajajen Katsina ba, amma rabonsa dabam ne: mu namu yana zuwa ne a dunƙule cikin watannin damina, lokacin da shuka ke bukatarsa, su kuwa nasu a warwatse yake cikin watanni goma sha biyu. Da yake ƙasar tana kudancin duniya, sanyinsu daga Yuni ne zuwa Agusta, a lokacin ne ƙasa ke cika ta zubar da saura, tsiro kuma na barci. Zafinsu daga Disamba ne zuwa Fabrairu, a lokacin ne tsiro ke neman ruwa, abin da sama ke bayarwa kuma ba ya biyan abin da rana ke ɗauka.

Iskar arewa maso yamma ita ke ƙara tsananta al'amari, domin idan ta gangaro daga duwatsu tana zuwa da zafi da bushewa da ƙarfi. A ranar 7 ga Fabrairu 1973, a cikin irin wannan iska, zafi ya kai digiri 42.4 a garin Rangiora. A ranar 1 ga Agusta 1975 kuma ta zo da guguwar da ta kwantar da dazuzzukan itatuwan katako da aka dasa a kan tsakuwa, waɗanda saiwarsu ba ta sami zurfin kamawa ba. Abin lura shi ne, a ranakun da wannan iska ke ƙona gonaki, a ranakun ne ake sheƙa ruwa a kan duwatsu, koguna su cika su batse, su ratsa ta tsakiyar busasshen fili su faɗa teku. Ga ruwa ga ƙishirwa, kuma daga wannan gani ne tunanin ban ruwa ya tsiro a zukatan mutanen wurin.

Tumaki, alkama da ciyawa

Asalin ma'abota wannan ƙasa su ne Maori, musamman ƙabilar Ngai Tahu, waɗanda kakanninsu suka iso tsibiran fiye da shekara 700 da suka wuce. Gobarar da ta biyo bayan zuwan mutum ta cinye yawancin dajin da ke filin, ya koma sararin dogayen ciyayi da ƙananan itatuwa. Su kuwa mutanen sun fi zama a bakin teku da tafkuna da fadamu, inda kifi da tsuntsaye suka yawaita. A 1848 wakilin gwamnatin Ingila, Henry Tacy Kemp, ya sayi yanki mai girman gaske daga hannunsu a kan fam 2,000, da alkawuran ware musu wuraren zama da na neman abinci waɗanda ba a cika su yadda ya kamata ba, kokensu kuwa bai sami sulhu ba sai 1998.

Turawan da suka fara sauka da yawa a 1850 sun ga ciyawa ba iyaka, sai suka sako tumakin Merino masu ulu. Mas'alarsu ta farko ita ce ruwan sha, domin tsakanin kogi da kogi akwai tafiya mai nisa ba rafi ba tafki, tun da tsakuwa na shanye kome. Don haka daga shekarun 1870 suka shiga haƙa ƙananan magudanai daga gindin duwatsu suna rarraba su cikin fili don dabbobi su sha. Wajajen 1880 kuɗin alkama ya ruɗe su, suka kafce filaye masu yawa suna shuka ta shekara bayan shekara ba hutu ba taki, har ƙasa ta gaji, iska kuma ta yi awon gaba da turɓayar waɗansu gonaki. Daga wannan hasara suka koyi abu biyu: dasa jerin itatuwa a gefen gona don kare iska, waɗanda har yau su ne alamar filin, da kuma juya gona, watau a bar ta 'yan shekaru ƙarƙashin ciyawa tumaki na kiwo suna zuba taki, sa'an nan a noma hatsi. Abin da ya sa wannan tsari ya biya shi ne jirgin ruwan Dunedin, wanda a 1882 ya kai daskararren naman tumaki daga Niyu Zilan har Landan bai lalace ba. Daga nan tunkiya ta zama ta nama da ulu gaba ɗaya, irin da ake kira Corriedale kuwa, wanda James Little ya fitar ta hanyar barbarar Merino da raguna masu dogon ulu, ya dace da busasshen fili.

Hikimar noman da ba ban ruwa a kan wannan ƙasa ta ginu ne bisa bin lokaci. Makiyayi yana shirya barbara yadda tumaki za su haihu a ƙarshen sanyi, wajen Agusta da Satumba, 'ya'yan su yi ƙiba cikin 'yan watannin da ƙasa ke da danshi da ɗumi tare, a sayar da su kafin zafi ya ƙone ciyawa, a rage bakin da za a ciyar. Tsirrai biyu dangin wake da gyaɗa suka zama ginshiƙin wannan tsari, bayan an sami takin fosfaras, wanda aka daɗe ana haƙo dutsensa daga tsibiran Nauru da Banaba. Na farko wata 'yar ciyawa ce mai ganye uku-uku, mai rayuwar shekara ɗaya, wadda ke tsira idan ruwan kaka ya sauka, ta yi yabanya bayan sanyi, ta binne 'ya'yanta a cikin ƙasa, sa'an nan ta mutu kafin fari ya iso. Ita ta tsere wa fari ne ta hanyar riga shi gamawa. Na biyu ita ce alfalfa, mai shekaru da yawa a gona, wadda saiwarta ke kutsawa tsakanin duwatsu har mita 2 ko fiye, ta sha danshin da sauran ciyayi ba su isa gare shi ba. Dukansu biyu suna ɗauko naitirojin daga iska su ba ƙasa, ba tare da an saye shi a buhu ba. Jami'ar Lincoln, wadda aka kafa a 1878 a matsayin makarantar aikin gona, tana da gonar gwaji mai suna Ashley Dene a kan irin wannan tsakuwa, kuma a wannan zamani Farfesa Derrick Moot da abokan aikinsa sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen nuna wa makiyaya yadda za su kiwata tumaki kai tsaye a kan alfalfa, kashi bayan kashi, ana ba kowane kashi hutu ya farfaɗo.

Zuwan ban ruwa da abin da ya biyo baya

A 1937 gwamnati ta fara haƙa babbar hanyar ruwa mai tsawon kilomita 67 daga kogin Rangitata zuwa Rakaia, aka buɗe ta a 1945. A 1946 kuma aka kafa tashar bincike a Winchmore, kusa da garin Ashburton, a kan ƙasar Lismore. Gwaje-gwajen da aka fara a can, na ban ruwa a 1949 da na taki a 1952, an ci gaba da su shekaru masu yawa ba yankewa, har suka shiga cikin mafi daɗewar irinsu a duniya. Sun nuna cewa filin da ake zuba wa kilo 188 na takin fosfaras a kowace hekta duk shekara yana ba da ninkin ciyawar wanda ba a zuba wa kome ba, amma ninka takin zuwa kilo 376 bai ƙara wani abin kirki a kan haka ba. Sun kuma nuna abin da mutane da yawa ba su zata ba, cewa filin da aka fi yi wa ban ruwa, duk da yawan ciyawarsa, ruɓaɓɓen tsiron da ke cikin ƙasarsa bai kai na filin da aka bari ga ruwan sama ba.

Da farko ana sakin ruwa ne ya malala tsakanin dogayen kunyoyi, wanda a kan tsakuwa israfi ne babba, domin mafi yawansa na wucewa ƙasa. Daga baya aka koma haƙa rijiyoyin burtsatse da kafa dogayen injunan yayyafi masu kewaya gona a kan tayoyi, aka kuma gina sababbin ayyuka, kamar na Central Plains Water da aka buɗe kashinsa na farko a 2015. A yau kusan kashi biyu bisa uku na ƙasar da ake yi wa ban ruwa a Niyu Zilan a Canterbury take. Tsakuwar da a dā ake raina ta, ana cewa sai dai tumaki, ta zama mai tsada, ana noma dankali da alkama da irin karas da na sauran kayan lambu da ake sayarwa ƙasashen waje. Amma abin da ya fi kome yaɗuwa shi ne shanun madara, waɗanda adadinsu a Canterbury ya tashi daga kimanin 113,000 a 1990 zuwa kimanin miliyan 1.2 a 2019. Babu mai musun arzikin da wannan ya kawo, garuruwa sun farfaɗo, matasa sun sami aiki.

Sai dai ban ruwa bai ƙara wa ƙasar kaurin ko da yatsa ɗaya ba. Saniyar da ta ci ciyawa mai taki tana fitar da mafi yawan naitirojin ɗin a fitsarinta, ta zuba shi a wuri ɗan ƙarami, da yawan da ya fi ƙarfin abin da ciyawar wurin za ta iya sha; abin da ya saura sai ya zama sinadarin naitiret, ruwan sanyi ya wanke shi cikin tsakuwa, inda babu laka mai kauri da za ta tare shi, har ya isa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Daga wannan ruwa ne rijiyoyin gidaje ke sha, daga gare shi ne kuma idanun ruwa ke ɓulɓulowa kusa da teku su zama rafuka. Kogin Selwyn, wanda a ɗabi'arsa yakan nutse cikin tsakuwa a tsakiyar fili ya sake ɓullowa a ƙasa, yana zuba ne a tafkin Te Waihora, taskar kifin Ngai Tahu tun kaka da kakanni, wanda yanzu yake cikin tafkunan da suka fi gurɓata a ƙasar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a ruwan sha miligiram 50 a kowace lita, musamman don kare jarirai, kuma an sami rijiyoyi a filin da suka haura wannan haddi. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, sai dai wannan jifa yana daɗewa a hanya, domin ruwan yakan yi shekaru, wani lokaci gomiyoyin shekaru, yana tafiya a cikin tsakuwa, ta yadda abin da aka zuba yau 'ya'ya ne za su sha shi. Daga Yulin 2021 gwamnati ta kafa dokar cewa kada naitirojin ɗin da ke cikin takin zamanin da ake zubawa ya wuce kilo 190 a hekta ɗaya ta makiyaya a shekara.

Can cikin duwatsu

A kwarin Mackenzie, inda tafkunan Tekapo da Pukaki da Ohau suke kwance a bayan tudun tarkacen da ƙanƙara ta bari, irin wannan dandamalin tsakuwa yana nan, amma cikin yanayi mafi tsanani, domin ga fari ga jaura. Sanyin dare yana daskarar da fuskar ƙasa ya ɗaga ta, rana ta busar da ita, iska ta kwashe. Ƙone daji da yawan tumaki da annobar zomaye, waɗanda Turawa suka kawo suka yaɗu tun shekarun 1870, sun tsiraita filaye masu yawa, wata baƙuwar ciyawa mai shimfiɗuwa da ba ta da amfanin kiwo ta mamaye wurin; a nan ma akwai jayayya mai zafi tsakanin masu son shigo da ban ruwa da masu son a bar ragowar filin da tsirrai da tsuntsayensa na asali, waɗanda waɗansunsu ba a samunsu a wani wuri a duniya. A tsakiyar Otago kuwa, inda garin Alexandra ba ya samun ko milimita 400 a shekara, magudanan da masu haƙar zinariya suka gina tun shekarun 1860 sun koma shayar da lambuna, aka gane cewa itatuwan 'ya'yan marmari da inabi, waɗanda ke ƙin jiƙaƙƙiyar saiwa, suna jin daɗin tsakuwa muddin ana ba su ruwa kaɗan-kaɗan a kan kari.

Abin da hankali zai ɗauka

Wannan tarihi duka yana nuna cewa ƙasa mai tsakuwa ba ta hana mai haƙuri abinci, amma tana da haddi, kuma duk lokacin da aka ƙetare shi, walau da alkama a ƙarni na 19, ko da yawan tumaki a Mackenzie, ko da shanu da taki a yau, sai an biya, ko da wanda ya biya ba shi ne ya ci ribar ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa wanda ke sama a kan magudanar ruwa yana da haƙƙin shayar da gonarsa gwargwadon bukata, sa'an nan ya saki ga na ƙasa da shi, kuma ba ya halatta mutum ya nemi amfaninsa ta hanyar cutar da maƙwabci. Lalle kuwa ruwan da ke tafiya a ɓoye ƙarƙashin gona yana shiga cikin wannan hukunci, ko da ido ba ya ganinsa. Manoman Canterbury masu lura sun fara aiki da wannan ma'ana, suna binne na'urar auna danshi a gona, suna ba da ruwa kaɗan a kai a kai gwargwadon abin da ƙasa za ta riƙe, suna rage taki idan sanyi ya gabato, waɗansu kuma suna komawa ga alfalfa a wuraren da tsakuwa ta yi yawa. Manomin rani a ƙasarmu, wanda ya haƙa 'yar rijiyar burtsatse a ƙasa mai yashi yana watsa takin zamani kusa da rijiyar da unguwa ke sha, yana fuskantar mas'ala iri ɗaya, kuma ya wajaba ya san amsar tambayoyi uku kafin ya kunna injinsa: mene ne zurfin ƙasarsa, ruwa nawa take iya riƙewa, sa'an nan wanda ya wuce ta ina ya nufa, wa kuma zai sha shi.